Sarƙar tsaga katako: wacce zan nema, kuma ina na kuskure?

Nura Kafinta:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga harkar tsaga. Watan da ya wuce na sayi firam ɗin nan da ake ɗaura wa injin yankan itace don a tsaga gungume a fitar da falanki. Injina Stihl MS 661 ne. Ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai, wanda na ga a nan kuna ce masa takobi, inci 36 ne. Ranar farko da sarƙar da ta zo da injin na yi aiki. Ya yanka kam, amma fuskar katakon sai ka ce an bi ta da garma, kunya-kunya tun daga kai har gindi. In ka shafa da tafin hannu, tudu da kwari kake ji. Sai da injin goge katako ya cinye kusan milimita 4 kafin fuskar ta kwanta.

Aka ce mini sarƙar tsaga zan nema. Na yi oda ta intanet, na rubuta wa mai sayarwa cewa ta inci 36 nake so, ta tsaga. Ya aiko. Da na ɗaura, sai da na murɗa sukurun ɗamewa har kusan ƙarshensa kafin ta kama jiki, kuma in na taɓa haƙori da yatsa sai ya kwanta hagu ya kwanta dama. A cikin gungume kuwa yankan nutsewa yake yi ƙasa, falanki ya fito gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Gungume biyu na ɓata. Sarƙar ce ba ta da kyau, ko ni ne ban iya ba? Kuma wace iri ya kamata in nema?

Baba Tanko:
Wa alaikumus salam, Nura. Kafin a ce komai, je ka kwance takobin ka goge gindinsa da tsumma da ɗan kananzir, wurin da yake shiga jikin inji. Akwai lambobi da aka buga a wajen. Rubuto mana su yadda suke. Sannan ka shimfiɗa sabuwar sarƙar a kan benci, ka sa wa ƙafa ɗaya alama da alli, ka ƙirga ƙafafun duka. Ƙafa ina nufin ɗan harshen nan na ƙasa mai shiga cikin kwarin takobi, ba haƙori ba.

Nura Kafinta:
To Baba, na duba. A jikin takobi an rubuta 3/8, sai .063, sai 114. Ƙafafun sarƙar kuma na ƙirga sau biyu, 115 nake samu.

Baba Tanko:
Ka ga inda gizo ke saƙa. Ba sarƙar takobinka aka aiko maka ba. Kuma ɗana, kada ka ɗora wa mai sayarwa laifin duka, domin abin da ka tambaya shi ya ba ka. Ba a sayen sarƙa da tsawon takobi. Takobi biyu na iya zama inci 36 dukansu, wannan ya ɗauki ƙafa 114, wancan 115, saboda gindinsu ba iri ɗaya ba ne. Da lamba uku ake sayenta: taku, kaurin ƙafa, yawan ƙafa. In ɗaya ta saɓa, ka yi asarar kuɗinka. Ina kyautata zaton kaurinta ma .058 ne, shi ya sa take rawa. Nemi ma'aunin kauri ka auna ƙafa ɗaya.

Injiniya Bello:
Baba ya gama magana, ni ƙarin haske kawai zan yi saboda masu karatu da ba su saba ba.

Taku shi ne tazarar ƙusoshin sarƙa. Ka auna daga tsakiyar ƙusa ta farko zuwa tsakiyar ta uku, ka raba biyu. In ka samu kusan milimita 19 kafin rabawa, 3/8 ce. In 20.5 ne, .404 ce. In 16.5 ne, .325 ce. Dole takun ya dace da sufuroket ɗin da ke jan sarƙa a jikin inji, ya kuma dace da ɗan ƙaramin sufuroket na bakin takobi in takobinka mai shi ne.

Kaurin ƙafa kuma huɗu ne aka fi sani: .043, .050, .058 da .063 na inci, wato milimita 1.1, 1.3, 1.5 da 1.6. Dubi yadda bambancin yake ƙanƙani. Tsakanin 1.5 da 1.6 kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, ido ba ya gani. A yankan gicciye ma kana iya wuni ba ka lura sosai ba. Amma a tsaga takobi kwance yake, sarƙa na tafiya mita biyu ko uku cikin itace, ɗan kwanciyar da haƙori ya yi gefe ɗaya shi zai yi ta jan yankan ƙasa har ka fita ɗaya bakin. Abin da ya same ka ke nan, Malam Nura.

Kamfanonin da aka sani suna buga lamba a jikin ƙafa. A sarƙar Oregon mai takun 3/8, 72 na nufin .050, 73 na nufin .058, 75 kuma .063, ta tsagarsu tana ɗauke da RD a baya. Ka ga kai 75RD za ka nema, ƙafa 114. A wajen Stihl lambar farko taku ce, ta biyu kauri, harafin X a ƙarshe shi ke nuna ta tsaga ce, wato 36RMX ke nan a wurinka.

Nura Kafinta:
Na aro ma'auni na auna. 1.5 ne cif. Allah ya saka da alheri Baba, Injiniya na gode. Sati guda ina zargin firam ɗin, har na kwance shi na sake ɗaurawa sau uku.

Ɗanlami Mai Inji:
Ni fa ban yarda da inda maganar nan ta dosa ba. Yaron nan ya riga ya yi asara sau ɗaya, yanzu kuma ana tura shi ya sake sayen wata mai suna. Shekara tara ina tsaga, ban taɓa sayen abin da ake kira sarƙar tsaga ba. Sarƙa sarƙa ce. Wadda ta zo da injinsa ita ce daidai da takobinsa, ya riƙe ta. Na gwada da agogo a hannu, gungume ɗaya, rana ɗaya: sarƙar yankan gicciye ta riga ta tsaga fita. To me zan saya?

Injiniya Bello:
Malam Ɗanlami, a batun sauri ba zan yi maka musu ba. Mutane da yawa sun gwada sun ga haka, ni ma na gani. Wanda ya sayi sarƙar tsaga don gudu, bai fahimci aikinta ba. Aikinta fuska ne.

Ka ɗauki sarƙa ka dube ta daga sama. Bakin haƙorin ta gicciye a karkace yake, digiri 25 zuwa 35. Wannan karkatar tana jan haƙori gefe duk lokacin da ya ciji itace: na hagu ya ja hagu, na dama ya ja dama. A tsaga, hagu da daman nan su ne fuskar falankin sama da fuskar na ƙasa. Kowane haƙori yana kartar bango yana wucewa, kunyoyin da Malam Nura ya shafa ke nan. Ta tsaga kuwa bakinta kusan a miƙe yake, digiri 10 galibi, wasu har sifili suke kai shi. Jan gefen ya ragu, sarƙa ta tafi a natse, yankan ma ya ɗan rage faɗi.

Ɗanlami Mai Inji:
To ai ka zo inda nake, Injiniya. In bambancin duka digiri ne, magagari na hannuna. Me ya hana in mayar da tawa digiri 10?

Baba Tanko:
Babu abin da ya hana, kuma a nan kana da gaskiya. Yawancin sarƙar da aka rubuta wa tsaga a kwali, sarƙa ce irin sauran, a masana'anta aka wasa ta a digiri 10. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka ce sarƙa sarƙa ce. Kai kana sayar da falankinka ga masu rufin gini, ba mai shafa fuskarsa. Nura kafinta ne, teburi zai yi.

Maman Sadiq:
Baba ka faɗi abin da ke raina. Ni ba na riƙe inji, amma shagon kujeru da tebura nake gudanarwa, kuma ni ke sayen falankin da irinku ke tsagawa. Malam Ɗanlami, minti biyun da ka rage a wurin yanka, yarana ne ke biyansa da awa guda a wurin gugar katako. Akwai wani faifan itace mai faɗin kusan santimita 70 da aka kawo mini kwanaki, kyakkyawa, jijiyarsa kamar an zana. Injin gugarmu ba ya ɗaukar wannan faɗin, da hannu aka bi shi. Kwana biyu yaro na kansa, kaurin da na saya santimita 5, da aka gama bai kai 4 da rabi ba. Tun daga ranar in mai tsaga ya kawo kaya, sai na sa hannu na shafa kafin mu yi maganar komai.

Ɗanlami Mai Inji:
Hajiya, na karɓi wannan. Ban taɓa kallon abin ta wajen mai saye irinki ba. Amma har yanzu ina kan bakana cewa ba sai ya sayi sabuwa ba.

Garba Mai Washi:
Tunda an zo fagena bari in sa baki. Shekaruna a kan washin sarƙa suke, kuma mayar da ta gicciye ta zama ta tsaga aikina ne na kullum. Hanya biyu ce.

Ta farko a yi shi tashi ɗaya. Matsalarta, tsinin haƙori na waje shi ne ya fi fitowa gaba, to kafin ka miƙar da bakin daga 30 zuwa 10 sai ka cinye wannan tsinin baya, kusan milimita biyu a kowane haƙori. Ƙarfe ne mai kyau ka zubar a ƙasa ba tare da ya yanka komai ba. In da dutsen inji ake yi kuma aka danna da ƙarfi, bakin ya yi shuɗi, ya ƙone ke nan, ba zai ƙara riƙe kaifi yadda ya kamata ba.

Ta biyu ita nake ba mutane shawara: duk washi ka rage digiri biyar. Yau 25, gobe 20, haka har ka sauka 10. Kafin wasa huɗu ko biyar ka isa, kuma kowane ƙarfen da ka ci ya riga ya yi maka aiki.

Ga dabarar gane digiri 10 in marikin magagarinka ba shi da layinsa. Samu ɗan katako mai faɗi, ja layi a miƙe mai tsawon santimita 10 wanda zai gicciye takobi. A ƙarshensa ka kauce gefe milimita 18, ka sa ɗigo, ka haɗa ɗigon da farkon layin. Wannan karkataccen layin digiri 10 ne. Yi na ɗaya ɓangaren ma haka, ka ajiye katakon ƙarƙashin takobi, idonka na kan layi hannunka na bin sa. Magagarin 3/8 milimita 5.5 ne, Stihl kuma 5.2 suke cewa a sa wa tasu. Kada ka ɗauki na ƙaramar sarƙa mai milimita 4 ka ce ai duk ɗaya ne, zai shige ƙarƙashin haƙori ya yi masa ƙugiya, ya yi ta fizgar itace.

Amma abin da ya fi digiri muhimmanci, wallahi, shi ne haƙora su zama tsawo ɗaya. Kowa yana da hannun da ya fi masa daɗin washi. Mai aiki da hannun dama yakan ci gefe ɗaya fiye da ɗayan bai sani ba, bayan wata guda haƙoran hagu sun fi na dama tsawo. Sarƙar da ta zama haka ko daga wace masana'anta ta fito, yankanta sai ya karkace. Ka nemo haƙorin da ya fi gajarta, ka auna shi, ka kawo sauran daidai da shi.

Nura Kafinta:
Malam Garba, wannan bayanin ya shige ni. To tudun nan da ke gaban kowane haƙori fa? Wani ya ce mini in goge shi sosai sarƙa za ta fi ci.

Garba Mai Washi:
Tozo muke ce masa. Wanda ya faɗa maka haka bai so injinka da alheri ba. Tozo shi ke ƙayyade zurfin da haƙori zai ciza. A sabuwar 3/8 yana ƙasa da bakin haƙori da milimita 0.65. Saman haƙori gangare ne, duk sanda ka wasa ya ja baya, ya kuma yi ƙasa, don haka dole a riƙa sauke tozo yana biye da shi, in ba haka ba sarƙa ga kaifi amma ba ta ci, sai gari mai laushi kamar hoda take fitarwa, kai kuma kana ta turi da ƙirji. In kuma ka sauke shi fiye da kima, haƙora kusan ashirin ne a cikin faffaɗan itace lokaci ɗaya kowanne na neman babbar loma. Inji zai shaƙe, firam ya riƙa tsalle a hannunka, fuskar katako ta koma abin da ka gudu. A busasshen itace mai tauri ka tsaya kusa da 0.65. A ɗanye mai laushi, da inji mai ƙarfi, kana iya ƙara kaɗan. Da ma'auni ake yi, ba da ido ba.

Baba Tanko:
Ƙarin abu ɗaya a kan garin katako, don kada Nura ya tsorata. A tsaga da firam ba za ka ga manyan ɓarɓashi irin na yankan gicciye ba, ba kuma za ka ga dogayen zaruruwan nan ba. Haƙori kan jijiyar itace yake datsewa, ta inda ta fi tauri, shi ya sa aikin ke da nauyi ga inji kuma kaifi ke saurin tafiya. Abin da za ka gani ɗan tsaki-tsaki ne. Ka riƙa tara shi a tafin hannu kana dubawa. In ya koma ƙura yana tashi sama, tsaya ka wasa, ko da kana tsakiyar gungume. Ni a babban itace mai tauri duk falanki biyu nake bi da magagari, shafa biyu ko uku a kowane haƙori.

Auwalu:
Salam iyayena da yayyena, ina bin muhawarar nan tun safe ina ƙaruwa. Ni injina ƙarami ne, bai kai cc 60 ba. Na ga ana maganar sarƙa mai tsallake, wai tana taimaka wa inji mara ƙarfi. Gaskiya ne? Kuma Malam Nura ita ya kamata ya saya?

Injiniya Bello:
Gaskiya ne, amma da sharaɗi. A cikakkiyar sarƙa duk ƙafa biyu akwai haƙori ɗaya, ka ga ƙafa 114 haƙora 57 ke nan. A mai tsallake duk ƙafa uku ne haƙori ɗaya, 38 ke nan. Haƙora kaɗan a cikin itace, nauyi ya ragu a kan inji, gari ya samu filin fita, washi ma ya yi sauri. Amfaninta yana fitowa ne in yankan na da faɗi sosai. A siririn gungume haƙora kaɗan ne za su taɓa itace, sai ta riƙa karkarwa, kuma kowane haƙori aikinsa ya ƙaru, ya fi saurin dakushewa.

Malam Nura injinsa cc 91 ne. Takobin inci 36 kuma firam na cinye masa kusan inci 6, faɗin da zai yanka bai wuce inci 30 ba. Cikakkiya za ta yi masa a yawancin aiki. In ya fara samun itacen da ke cika takobin baki da baki, kuma mai tauri, sai ya ajiye mai tsallake guda ɗaya saboda ranar.

Kai kuwa Auwalu, kada ka sa ran tsallake zai mayar da injinka babba. Ka tsaya a ƙananan gungume da gajeren takobi. Abin da zai fi yi maka amfani siririyar sarƙa ce, irin 3/8 mai gajeren haƙori, kamar 63PMX ta Stihl, wadda masu amfani da injinan tsaga na kamfanin Logosol na ƙasar Suwidin suka saba da ita. Abin da take ci bai kai na babba ba, ka ga inji ya huta.

Maman Sadiq:
Injiniya tsaya, wannan maganar ta shafe ni. Kana nufin akwai sarƙar da ba ta zubar da katako da yawa? Domin ni abin da ke ƙona mini rai ke nan, in ga tulin gari a gindin gungumen da na biya kuɗinsa.

Injiniya Bello:
Akwai, Hajiya. Na auna da kaina: babbar 3/8 tana cin milimita 8 zuwa 9 a kowane yanka, siririyar kusan 6. Ki ɗauka bambancin biyu da rabi ne. A yanka goma kin tsira da milimita 25, falanki guda ke nan na inci ɗaya.

Baba Tanko:
Lissafin daidai ne, amma ina roƙon kada wani ya karanta wannan ya je ya ɗaura siririyar sarƙa a kan inji mai cc 90 da dogon takobi bai san abin da yake yi ba. Na farko, duk da sunansu ɗaya 3/8, ƙafarsu ba iri ɗaya ba ce, siririyar tana da nata sufuroket da nata takobin mai kwarin .050. In ka ɗora ta a sufuroket ɗin babba za ta hau, amma tana tafiya tana cin kanta. Na biyu, ƙarfenta bai kai ba. Na taɓa ganin ta tsinke a tsakiyar faffaɗan itace. Ƙara ɗaya muka ji, sai ga jelarta ta fito ta bakin takobi ta daki ƙafar firam har ta bar shaida a ƙarfe. Yaron da ke taimaka mini daƙiƙa kaɗan kafin nan yana tsaye daidai wurin yana sa weji, wato ɗan abin da ake cusawa a bakin yanka don kada ya matse takobi. Tun daga ranar ba mai tsaya mini saitin bakin takobi in inji na aiki. Ga masu manyan inji irin Stihl 070 ko MS 880 ko Husqvarna 3120 da takobi mai tsawon gaske, ni .404 ma nake ce musu su riƙe. Tana cin katako, amma ba ta miƙewa da wuri, haƙorinta kuma na da jiki.

Ɗanlami Mai Inji:
Baba a nan kam muna tare ɗari bisa ɗari. Ni .404 nake ja, ban taɓa tsinka ta ba.

Tambaya gare ku masu sayen mai suna: ta kamfanin Granberg ɗin nan da ake yabo fa, masu ƙera firam ɗin da ake kira Alaskan? Na ga hotonta, wasu haƙoran an yanke musu rabin kai.

Garba Mai Washi:
Ita kam ta bambanta da gaske, ba digiri kawai ba ne. Haƙora biyu an rage musu faɗin sama, su ke fara tsaga gefe da gefe, biyu na bayansu cikakku su kwashe abin da ya rage a tsakiya, haka take jere har ƙarshe. Fuskar da take bari tana da kyau, kuma inji na jin sauƙinta. Sai dai washinta na son natsuwa, ga wanda bai gama iya daidaita haƙora iri ɗaya ba, iri biyu a sarƙa ɗaya ƙarin aiki ne. Ba zan ce Malam Nura ya fara da ita ba.

Abin da zan ce ya duba shi ne kafaɗar haƙori. Akwai mai kafaɗa a tsaye kamar lamba 7, akwai mai zagayayyiyar kafaɗa. Mai kusurwar ta fi ci a itace mai tsabta, amma tsininta ɗaya ne tak, yashi kaɗan a ɓawo ya kashe shi. Zagayayyiyar ta fi jure datti kuma ta fi sauƙin gyara da magagari. Gungumen da aka ja a ƙasa ba ya rasa yashi. In za ka mayar da ta gicciye ta tsaga, mai zagayen za ka zaɓa. Kuma ko wacce ce, ɓare ɓawon ko ka wanke layin da sarƙa za ta shiga.

Auwalu:
To in na sayi ta tsaga, zan iya barinta a kan inji in riƙa sare reshe da ita?

Baba Tanko:
A'a, Auwalu. Masu ƙera ta da kansu sun ce ta firam ce kawai. Ba a yi mata kariyar da ke rage harbin takobi baya ba, kuma a gicciye ba ta da daɗin yanka. Canza sarƙa minti biyar ne.

Injiniya Bello:
Batun inda za a samu, tunda shi ne rabin tambayar. Ba kowane mai sayar da kayan inji ke ajiye ta tsaga a ɗaure ba, saboda masu nemanta kaɗan ne. Amma da yawa suna da naɗin sarƙa da abin cire ƙusa da na murje ta, sai su yanka maka adadin ƙafar da ka ce. Naɗin ƙafa ɗari na awo, wato kusan mita 30, na 3/8 yana ɗauke da ƙafafun sarƙa 1640, sarƙa 14 ke nan irin ta Malam Nura har da saura. In kuna da yawa masu taku da kauri iri ɗaya, haɗa kai ku sayi naɗi ya fi. Sai dai a tabbata mahaɗin da za a sa na wannan sarƙar ne, kuma bayan an murje ƙusar gaɓar tana lanƙwasa ba tauri. In ta intanet ne, ka rubuta lambobin uku, ka ce a turo maka hoton ƙafa da na haƙori daga sama kafin ka biya. Jabu sun yi yawa, har kwalin suna kwaikwaya. Alamar da ba ta ɓuya ita ce a aiki: ta yi ta miƙewa kana ɗamewa, magagari kuma ya riƙa shiga haƙorin kamar sabulu.

Ɗanlami Mai Inji:
Wannan ta same ni sau ɗaya. Tanki biyu kawai na ƙona, sukurun ɗamewa ya ƙare. Mai shagon ya rantse ta asali ce, wataƙila shi ma haka aka sayar masa.

Nura Kafinta:
Jama'a na dawo da rahoto bayan kwana shida. Na bi maganar ɓangare biyun. Na samu mai naɗi ya yanka mini ta tsaga, 3/8, .063, ƙafa 114, na tsaya a gabansa na ƙirga da kaina. Tsohuwar ta gicciye kuma na fara sauke ta yadda Malam Garba ya ce, yanzu tana digiri 20, da katakon layin nan a ƙarƙashi. Jiya na tsaga gungume mai faɗin santimita 55 da sabuwar. Na auna falankin a kusurwa huɗu, bambancin bai kai milimita 2 ba. Fuskar kuwa in ka shafa, siraran layuka ne kawai kamar na tsefe. Malam Ɗanlami, gaskiyarka, ba ta fi waccan sauri ba ko kaɗan.

Saura abu ɗaya. Wajen bakin takobi yana zafi sosai, har fentin wurin ya fara canza launi, kuma sarƙar tana fitowa a bushe ta can ƙarshen duk da na buɗe mai har ƙarshe.

Baba Tanko:
Madalla, Allah ya sa albarka a sana'a. Zafin nan kada ka ƙyale shi, zai ci maka sabuwar sarƙar da takobin tare. Man da inji ke turawa daga gindi yake fita, kafin ya zagaya bakin takobi yawancinsa ya watse, alhali ɓangaren da ke yanka yana bayan zagayen ne. Ɗaura ƙaramin galan a saman firam ta can ƙarshen, da siririn tiyo da ɗan famfo, ya riƙa ɗiga a kan takobi dab da inda sarƙa za ta shiga itace, ɗigo ɗaya duk daƙiƙa biyu ko uku. Man sarƙa za ka zuba, ba baƙin man da aka juye daga mota ba. Ka duba ko matsewar firam ba ta danne kusa da sufuroket ɗin baki ba, domin in ta danne shi ma zafi zai yi, ja ta baya kaɗan. Kuma kada ka ɗame sarƙa tana da zafi ka tafi ka bar ta, in ta huce za ta tsuke ta ja ƙarfen inji. In ka tashi aiki sassauta ta.

Garba Mai Washi:
Ka kuma duba leɓɓan takobin, wato gefuna biyu na kwarinsa, tunda ka ja sarƙa mai kaurin 1.5 a cikinsa har gungume biyu tana kwance gefe guda. Ɗora rula a jikin takobi ta jingina da gefen haƙori. In akwai ɗan fili tsakanin rular da takobi, lafiya lau. In haƙorin ya kauce rular ta kwanta shamɓal, kwarin ya buɗe. Turo hoton leɓɓan daga sama in gani, da na tsohuwar sarƙar in ka kai ta digiri 15.

Nura Kafinta:
To Malam Garba, gobe da safe in sha Allahu kafin in tayar da inji zan ɗauka in turo. Baba, tiyon irin na mai na babur zai yi, ko sai wanda ya fi shi faɗi?

Baba Tanko:
Zai yi. In man ya yi kauri da sanyin safiya ya ƙi sauka, ɗaga galan ɗin sama kaɗan, ka huda ɗan ƙaramin rami a murfin don iska ta shiga.